Jakar Goro da Jirgin Épernay

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun ranar Laraba Raliatou ta zauna a madafarta, can sama a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Minguettes a gefen Lyon, tana latsa waya tana neman biye, wato tikitin jirgin ƙasa. Tafiya biyu ce a haɗe. Ranar Juma'a za su tashi daga Lyon zuwa Paris, su sauka gidan Gwaggo a Belleville. Asabar da safe kuma su ɗauki Baffa Alhaji Illiassou, su shiga wani jirgin zuwa Épernay, a nema wa ƙanenta Kamal aure, a juyo kafin magariba.

Kamal yana tsaye ya jingina da firigo, ko rigar izin, wato masana'antar da yake aiki a Saint-Fons, bai cire ba. A can ya haɗu da Solène, yarinyar da ake maganar. Dogo ne mai yawan dariya, irin mutanen nan da ko gobara ta tashi sai su ce maka komai zai daidaita. Raliatou ce ta raine shi tun da iyayensu suka rasu, don haka ta san dariyar nan sarai, ta kuma san ba ta taɓa kashe wuta ba.

Ita yarinyar ba ta da aibu. Da Baffa ya ji Baturiya ce, ya ce addini bai hana ba in dai 'yar mutunci ce. Har ya taso tun daga Damagaram, ya hau jirgin saman da ya tsana, don kada a ce ɗan ƙanensa ya nemi aure kamar wanda ba shi da kowa. Matsalar ɗaya ce tak. Uban Solène manomin inabi ne, kuma inabin nan ba cinsa ake yi ba. Shampan suke yi da shi, giyar nan mai kumfa, tun iyaye da kakanni. Gidan ma a kan kwalabe yake zaune, suna nan jere a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

Shi kuwa Baffa, babu wanda bai san labarin kamyonsa ba a dangi. Shekarun baya direbansa ya yi dakon akwatunan giya daga Maradi ba da saninsa ba. Da ya ji, ya sa aka wanke motar ciki da waje, ya zagaya ta, ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya karyar da ita a kasuwa. Har gobe in direban ya gaishe shi, da ka yake amsawa.

To, wa zai tari wannan mutum da irin wannan magana? Ba dai Kamal ba, yaro ba ya buɗe baki ya yi zancen aurensa a gaban uba. Ba kuma Raliatou ba. Sunan mahaifiyar Baffa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "Uwata", ita kuwa ko ido ba ta iya haɗawa da shi. Sai aka bi hanyar da aka saba bi, aka ɗora wa Gwaggo, ƙanwarsa da ke Paris. Gwaggo ta bugi ƙirji ta ce, "Ku bar ni da shi." Tun kafin ya taso aka yi haka, kowa ya saki jiki.

"Biye huɗu ke nan," in ji Raliatou. "Ni, kai, Baffa da Gwaggo. Na safe za mu ɗauka, mu isa da hantsi."

"Solène za ta tarye mu a tasha," in ji Kamal. "Na tsara komai, Yaya. Ni zan riƙa fassara. Abin da ya kamata ya ji, zai ji."

Ta ɗago kai. "Akwai wanda bai kamata ya ji ba? Ba Gwaggo ta gaya masa komai ba?"

"Ta gaya masa mana. Kawai dai... *t'inquiète*, kada ki damu."

Kafin ta matsa masa, wayar ta yi ƙara a hannunta. Lambar Gwaggo ce, amma muryar Baffa ce ta fito. Raliatou ta miƙe tsaye, ta gyara ɗankwalinta, sai ka ce yana ganinta.

"Uwata, kin wuni lafiya? Ya aiki? Ya sanyin garin naku? Ya yaron nan?"

"Lafiya lau, Baffa. Ya baƙunta? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Goro na nan lafiya, kullum sai na yayyafa masa ruwa. Kai, Uwata, na ji daɗi da aka ce mini surukin namu manomi ne. Manomi guminsa yake ci, ba ruwansa da haram. Ki ce masa in an gama magana ina so ya zagaya da ni gonar, in ga yadda suke shanya inabin nan. In da hali ma in sayi busasshe in kai gida, a sha kunu da shi da azumi."

Raliatou ta juyo. Ta kalli Kamal, Kamal ya kalli silin.

"Sannan kuma," Baffa ya ci gaba, "Gwaggonku ta ce wai da yaron nan za a je. A ina aka taɓa zuwa neman aure da mai auren a gaba? Ai rashin kunya ne. Ya rako mu tasha, ya zauna a Paris ya jira. Ke za ki yi mini tafinta."

"To, Baffa," in ji ta. Ba ta taɓa ce masa wani abu ban da "to" ba.

Ta ajiye wayar a kan tabur.

"Bai sani ba," in ji ta. "Kamal, wallahi bai sani ba. Kai kuma ka san bai sani ba!"

"Ban sani ba, zargi kawai na yi. Shi ya sa na so in zama ni ne a tsakani."

"Ka zama a tsakani ka yi me? Ka rufe masa hanci?"

Dariyar nan ta bar fuskarsa, abin da ba ta saba gani ba. Ya ɗauki mabuɗinsa a kan tabur. "Yaya, ki ji da kyau. Na bi al'ada ne saboda ke. Amma in ya ƙi, ofishin magajin gari na nan, shaidu biyu kawai suke nema. Ba zan bar Solène ba."

Ya fita ya ja ƙofa. Raliatou ta san me hakan yake nufi, ba sai an fassara mata ba. In Kamal ya yi aure ba da Baffa ba, Baffa zai zare hannunsa daga kansa, a daina ambatonsa a gidansu na Damagaram, shi kuma da zuciyarsa ba zai nemi kowa ba. Ita ce za ta rage a tsakiya, ba ƙane, ba fuskar da za ta kalli dangi da ita. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka ce mata mahaifiyarsu ta cika. Ta koma kan wayar, ta sayi biye uku.

Ranar Juma'a, daga tashar Part-Dieu ta Lyon har Paris ba su yi wata maganar kirki ba. Ya toshe kunnuwansa da waƙa, ita ta zuba wa gonaki ido ta taga tana ta jera kalmomi a zuci, tana rushewa. Da suka isa Belleville, Kamal ya ajiye jaka ya ce zai je aski, ya sulale.

Gwaggo tana da ɗan ƙaramin gidan abinci a wani lungu, tabur biyar ko shida, tsakanin mai sayar da kayan waya da wani mahauci Balarabe. Raliatou ta same ta a baya tana turara dambu, gumi sharkaf. Baffa ya tafi masallaci bai dawo ba. Bayan gaisuwa Raliatou ba ta yi wani kwana-kwana ba.

"Gwaggo, kin gaya wa Baffa sana'ar mutanen nan?"

Gwaggo ta ci gaba da juya dambun. "An gaya masa."

"Ke kika gaya masa?"

"Ni? Haba 'yar nan! Ni in dubi tsabar idon Yaya in ce masa giya? Ai bakina ba zai iya ba. Malam Hassoumi na gaya wa, amininsa ne tun suna yara. Magana irin wannan tsakanin maza take daɗin faɗa."

Raliatou ta ciro waya ta kira Malam Hassoumi, wani dattijo mai sayar da atamfa a can arewacin birni. Sai da aka gama tambayar gida da aiki da sanyi, sannan ya yi gyaran murya.

"Ai 'yata, na duba na ga ni bare ne a maganar. Sai na aika wa Hajiyar Alhaji can Damagaram. Mace ita ta san lokacin da ake yi wa miji magana."

Aka nemi Hajiya. Ba ta ɗauka ba, amma jim kaɗan sai ga saƙon murya, da kukan akuya a bayansa. "Raliatou, wallahi na so in faɗa, sai na ga ya riga ya sayo goro yana ta murna. Na ce to, in ya je can, ku da kuke kusa da abin kwa fi ni iya bayani. Allah ya sanya alheri."

Gwaggo ta ajiye muciya ta zauna a kan buhun shinkafa. "La ilaha illallahu." Magana ta tashi daga Lyon ta je Paris, ta ƙetare hamada ta je Damagaram, ta zagayo ta dawo inda ta fito, ko kusa da kunnen mai ita ba ta bi ba. Kowa ya yi kunya, kowa ya yi kara, kowa ya kwana da tunanin ya sauke nauyi. Raliatou ta rasa wa za ta yi wa fushi, domin ita ma "to" ta ce ta koma gefe.

Ana haka wayarta ta sake ƙara. Solène ce, muryarta kamar wadda ta sha kuka. Ashe Kamal ba aski ya tafi ba, roƙonta ya tsaya yi a waya: a sauke allon da ke ƙofar gida, a kwashe kwalaben falo, a ce ruwan inabi kawai ake matsa.

"Na gaya wa Papa," in ji Solène da Faransanci. "Ya ce a'a. Ya ce ba zai tilasta wa kowa ya sha ba, amma ba zai ɓoye kwalba ko ɗaya ba. Ya ce aikin ubansa ne da kakansa, ba sata ba ce, kuma ba zai ba da 'yarsa a kan ƙarya ba. Raliatou, har ya share ɗakin ƙasa don ya nuna wa baffanku. A wurinmu babu girmamawar da ta fi wannan. Yaya za mu yi?"

"Ban sani ba," in ji Raliatou, kuma gaskiya ta faɗa.

Da ta fassara wa Gwaggo, Gwaggo ta matso ta rage murya. "Ke ce fa tafinta. Yaya ba ya jin Faransanci, ba ya karanta allo. In Bature ya ce giya, ki ce ruwan inabi. In ya ce a sauka ƙasa, ki ce ƙafar Alhaji ba ta son matakala. Wuni ɗaya ne. A ba da goro, a ɗaura aure, ya koma gida. Abin da bai sani ba ba zai hana shi barci ba."

Raliatou ba ta ce a'a ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ta ji dabarar tana shiga ranta tana neman wurin zama.

Bayan la'asar Baffa ya shigo da sandarsa, ya ɗora kwat mai kauri a kan babbar riga. Ta durƙusa ta gaishe shi. Fuskarsa ta washe, ya sa aka ɗauko jakar goron, ya kwance ganyen da aka naɗe shi a ciki. Fari ne ƙal, manya-manya, babu mai tabo ko ɗaya.

"Da hannuna na zaɓe shi," in ji shi. "Da ubanku na raye, shi zai zaɓa. Su Turawa ba su san goro ba, amma za su san an girmama su." Ya yayyafa ruwa ya mayar da ganyen. "Uwata, ki riƙe wannan, tunda ke ce bakina gobe. Gidan da ka je neman aure, duk abin da aka miƙo maka ka karɓa ka kurɓa, ko ba ka jin ƙishi. Wanda ya ƙi ruwan gida, 'yar gidan ya ƙi. Kada ki ga wani abu baƙo ki ce za ki hana ni, kin ji ko?"

Gwaggo ta saki faranti a madafa, ya yi ƙara. Raliatou ta hango hannun nan mai tasbaha yana ɗaukar dogon kofi mai kumfa, ya yi bisimilla, ya kai baki. Ta buɗe baki.

"Baffa..."

"Na'am, Uwata?"

"A kawo maka shayi?"

"A kawo," in ji shi.

Asabar da safe suka isa Gare de l'Est su huɗu. Tashar ta cika, masu jan akwati, masu gudu, murya na ta sanarwa daga sama. Kusa da su wasu matasa 'yan yawon buɗe ido suna ta shewa, ɗaya yana kwaikwayon yadda ake buɗe kwalba ta yi tsalle. Jirginsu ɗaya da su. Kamal ya tsaya nesa kaɗan hannuwa a aljihu, Gwaggo ta rungume jakar goro tana motsa leɓe. Allo ya nuna layin jirgin Épernay, mutane suka ɗunguma.

Baffa ya gyara hularsa ya ɗaga sanda. "Bisimilla. Mu je."

Raliatou ba ta bi shi ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, in ba ta faɗa a nan ba, a gaban Bature za a yi ta. Ba ta san lokacin da ta durƙusa a kan dandamalin tashar ba, a tsakiyar mutane, wata mata mai kare ta kauce tana kallonta.

"Baffa, akwai maganar da ba a gaya maka ba."

Gwaggo ta ce, "Raliatou!"

"Bar ta," in ji Baffa.

Idonta a kan takalminsa ta yi maganar. "Mutanen nan inabi suke nomawa, gaskiya ne. Amma giya suke yi da shi. Ita ce sana'arsu tun kakanni, da ita suke ci, da ita suka raini yarinyar. Gidan da za mu je, a ƙarƙashinsa ake ajiye ta. In mun isa, ita za a fara miƙo maka."

Takalmin bai motsa ba. Can ta ga sandar ta juya, ya taka a hankali zuwa wani benci ya zauna. Ya ciro tasbaha, bai ja ba, ya riƙe ta kawai.

"Wa da wa suka sani?"

Gwaggo ta fara, "Yaya, ai Malam Hassoumi..."

"Hassoumi ya sani. Hajiya fa?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Ita ma." Ya gyaɗa kai. "Ke yarinya, tashi daga ƙasa."

Kalmar ta soki Raliatou fiye da mari. Tun da ta yi wayo bai taɓa ce mata "ke yarinya" ba. Ta tashi, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Wato da kun bar ni na shiga, na yi bisimilla, na kai bakina. Da furfurata. Ku kuna kallo."

Kamal ya matso. "Baffa, ni ba na sha, ita ma Solène ta..."

"Ban yi da kai ba."

Aka yi sanarwar jirgin ya kusa tashi. Matasan nan suka ruga suna dariya. Raliatou ta ga Kamal ya ja da baya, ya ciro wayarsa. Ta san Solène zai kira, ta san zancen ofishin magajin gari zai yi mata. Ta ji kamar ana zare mata shi daga hannu tana kallo.

"Shi uban yarinyar," in ji Baffa, bai kalli kowa ba, "da shi aka haɗa baki?"

"A'a, Baffa. An roƙe shi ya ɓoye, ya sauke allon ƙofarsa. Ya ƙi. Ya ce ba zai tilasta maka ka sha ba, amma ba zai ba da 'yarsa a kan ƙarya ba."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. "Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Ya mayar da tasbahar aljihu. Sannan ya dafa sanda ya miƙe, da ƙyar, saboda ƙafar.

"To ashe a duk maganar nan dattijo ɗaya ne, shi ma ba namu ba. Mutumin da ya ƙi a ruɗe ni tun bai gan ni ba, ba zan bar shi yana jira a ƙofar gida ba." Ya karɓi jakar goron daga hannun Gwaggo. "Ke zauna, kin yi naki aikin." Ya miƙa wa Raliatou. "Riƙe. In na ce ki buɗe, ki buɗe. In ban ce ba, da shi za mu dawo. Kuma abin da ya faɗa, shi za ki faɗa mini, ko zagi ne. Abin da na faɗa, shi za ki faɗa masa. Kada ki sa masa gishiri."

Suna shiga ƙofar jirgin ta rufe. Ta taga ta ga Kamal tsaye, wayar a hannu, bai kai ta kunne ba.

Har suka isa bai ce mata uffan ba. Da tuddan inabi suka fara bayyana, layi-layi har iyakar gani, ya dube su sau ɗaya ya mayar da kai. Solène ta ɗauke su a mota, ta gaishe shi da Hausar da Kamal ya koya mata, ya amsa a taƙaice. A ƙofar gidan allon na nan, da hoton kwalba ƙato. Uban yarinyar ya fito, gajere mai kauri, hannuwansa duk kanta, ya nuna musu hanyar falo.

Baffa ya tsaya a tsakar gida. "Ki ce masa a nan zan tsaya. Ki ce masa abin da yake yi, addinina ya hana. Ba zan sha ba, ba zan sauka in gani ba, kuma ɗana ma ba zai sha ba."

Ta faɗa, kalma bayan kalma. Fuskar mutumin ta yi ja. Ya yi magana a hankali, yana kallon Baffa ba ita ba.

"Ya ce ya ji," in ji Raliatou. "Ya ce shi kuma ba zai yarda a kai 'yarsa inda za a sa ta ji kunyar ubanta ba."

Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna. Solène ta kama ƙofar mota ta riƙe. Jakar goron ta yi wa Raliatou nauyi kamar an cika ta da duwatsu. Babu wanda ya motsa, sai wani kare da ya zo ya shinshina sandar ya wuce.

"Ki ce masa," in ji Baffa, "ina jin ƙishi."

Ta faɗa. Mutumin ya dubi ƙofar falo, inda dogayen kofuna ke jere a kan tabur. Ya dubi Baffa. Sai ya juya ya nufi famfon da ke jikin bango, wanda ake wanke takalmin gona da shi. Ya ɗauki wani kofin ƙarfe da ke rataye, ya ɗauraye shi, ya sake ɗaurayewa, ya cika, ya kawo da hannu biyu. Baffa ya karɓa, ya yi bisimilla, ya shanye tas.

Da yamma jirgin ya shigo Gare de l'Est. Kamal na nan kusa da bencin da aka bar shi, idanunsa sun faɗa, Gwaggo na gefensa ta rafka tagumi. Bai kalli fuskar kowa ba, hannun Raliatou ya kalla. Jakar na nan, amma a ninke take a hammatarta, ba komai a ciki sai ganye.

Ya durƙusa a gaban Baffa.

"An ba ka," in ji Baffa. "Ba wayonka ne ya ba ka ba. Kuma duk ranar da na ji ka goranta wa yarinyar nan sana'ar ubanta, ni da kai ne, na yi masa alkawari." Ya dubi Gwaggo, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya girgiza kai ya wuce su.

Raliatou ta biyo baya a hankali. An samu auren, amma tun safe bai kira ta da komai ba, kuma ba ta san ko zai sake ba. Ta hango shi can gaba cikin taro, da hularsa da sandarsa, ya isa inda matakalu suka rabu, wannan ya yi ƙasa, wancan ya yi waje. Ya tsaya yana duban alluna da ba ya iya karantawa. Bai waiwayo ba.

"Uwata," in ji shi, "zo ki wuce gaba. Ban san hanya ba."